Bawul ɗin da Aka Wanke

Zuwa ga ɗan ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan da sauƙi. Hawan jinina ya sauka. Ummanku tana cin abinci kaɗan, amma tana ci.

Na ga kiraye-kirayenka a waya, kuma da gangan ban ɗauka ba. Kada ka ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci. Na yi aikin binciken musabbabin mutuwa a asibiti har na yi ritaya, aikin kuwa ya koya mini cewa maganar baki takan sauya kama tsakanin safiya da maraice, ta takarda tana zama inda aka ajiye ta. Saboda haka ina so mu yi wannan magana a rubuce.

Ni da mahaifinka a kakanni muka haɗu. Zumuncin ya yi nisa, amma da aiki ya kai marigayi ɗana garinku, kai ka ba shi ɗaki a gidanka ba tare da an roƙe ka ba. Ban manta da wannan ba.

Ga abin da na sani. Ciwon asma ya taso masa da rana. Ka sa shi a motarsa domin kai shi asibiti. Motar ta mutu a mahaɗar hanya, ta ƙi tashi, kafin a kai shi hannun likita rai ya yi halinsa. Na karanta rahoton asibitin, ba ni da ja a kansa. Ajali na Allah ne, wannan ma ba ni da ja. Sai dai mota ba ajali ke tsayar da ita ba, dalili ne, kuma dalilin nake nema.

Ranar jana'iza ban tambaye ka komai ba, domin ba wurin tambaya ba ne. Da na dawo, Ummanku ta tuna cewa a wayarsu ta ƙarshe ya faɗa mata cikin dariya wai tun da ka ari motar ka yi tafiya take tari. Ta riƙe wannan magana, ba ta son a ambace ka a gidan nan. Ni ban yanke hukunci ba. Amma ka nemi izinin zuwa gaishe ta, amsata ita ce ka dakata sai na san abin da ya tsayar da motar.

Ka kai ta garejin da bai san ka ba, bai kuma san marigayi ba. A sa mata na'urar gwaji, ka rubuto mini abin da ta nuna. Kada a canza komai.

Baffanka

*

Zuwa ga Baffa Likita,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Umma, ko da ba za a isar mata ba. Mu lafiya lau, sai ƙaramar da ke fama da mura. Har yanzu yaran nan in sun ji motsi a ƙofa sai su ruga suna kiran Dogo. Ka yi haƙuri, Baffa, da wannan suna muka san shi a nan, bakina bai iya cewa marigayi ba tukuna.

Gaskiya ne na ari motar. Surukata na kai asibitin ido a wani gari. A hanyar dawowa wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, sai na tsaya a gidan mai aka yi mata juyen baƙin mai, a tunanina abin da take nema ke nan. Da na faɗa wa Dogo, dariya ya yi, ya ce malamin makaranta me ya sani a inji ban da danna hon, in bar masa kayarsa. Daga nan ta saba, in an tsaya sai ta kama kyarma ta mutu, amma murɗa ɗaya take tashi. Ranar ce kawai ta ƙi. Na murɗa har batir ya fara ja da baya, na baya suna ta hon, wani yana zagina ta taga. Wani mai motar kaya ne ya taimaka ya ɗauke mu.

Na kai ta wani gareji a bayan kasuwar katako, wurin wani dattijon makanike da ban taɓa gani ba. Ya jona na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna cewa matsalar tana wajen lokacin numfashin inji. Ya yi mini bayani, zan faɗa yadda na fahimta. Akwai sandar da ke buɗe wa inji ƙofofin shan iska tana rufewa. A irin wannan mota lokacin buɗewar yana matsawa gaba ko baya gwargwadon gudu, kuma baƙin mai ne ke tura shi. Abin da ke ba wa man nan hanya wani bawul ne, tsawonsa kamar yatsa, yana da wayar lantarki a kansa da ɗan sanda mai kai da komo a cikinsa. In ɗan sandan ya maƙale a buɗe, inji zai riƙa numfashin gudu alhali yana tsaye, sai ya shaƙe ya mutu.

Ya duba mai, ya ce ya kai ma'auni kuma sabo ne. Ya duba wayar da ke zuwa bawul ɗin, wuta na isowa. Ya ce saura a ciro shi a gani, ko naɗin wayar cikinsa ya ƙone, ko datti ya toshe shi, ko jabu aka taɓa sa wa. Har ya yi tsokana, wai rabin motocin da ke zuwa masa da wannan fitila masu su ne ke musu rowar mai. Na ce a dakata sai na ji daga gare ka.

Ɗanka

*

Zuwa ga ɗan ɗan'uwana,

Bayan gaisuwa, ina fata murar yarinyar ta yi sauƙi. Mu muna nan yadda ka sani.

Na karanta wasiƙarka a tsanake, kuma wurare biyu sun tsaya mini. Na farko, ka rubuta cewa motar ta saba mutuwa in an tsaya. Ke nan ka san halinta. Ka san akwai mahaɗa tsakanin gidanka da asibiti, ka san ana tsayawa a can, duk da haka ita ka ɗauka, ba ka tare tasi ba, ba ka buga ƙofar maƙwabci ba. Ban ce ka yi ganganci ba. Na ce ba ka bayyana mini dalili ba.

Na biyu, maganar rowar mai. Ban ga amfanin sa ta a wasiƙa zuwa ga uban mai motar ba, sai in ana so a fara shimfiɗa mini cewa laifin na wanda ba zai iya kare kansa ba ne. Mai na ƙarshe da ya shiga injin nan kai ka sa aka zuba, a gidan man da ba ka faɗi irinsa ba, kuma ba ka faɗi wane irin mai ba ne. Idan mai kauri aka zuba inda ake son marar kauri, ko gurɓatacce, na karanta cewa shi kaɗai ya isa ya sa bawul ya yi nauyin motsi.

A ciro shi a gabanka. Kada a goge shi, kada a hura masa iska, kada a girgiza shi. A sa shi a leda mai tsabta da man da ke jikinsa, a ɗaure, a ɗebo kuma ɗan mai daga injin a kwalba. Ka ba direban da ke kawo mini wasiƙunka. Zan duba da kaina.

Baffanka

*

Baffa Likita,

Ina gaisuwa. Yarinya ta warke, mun gode. Ka yi haƙuri da jinkiri, jarrabawa ta riƙe ni a makaranta. An ciro bawul ɗin a gabana, noti ɗaya ne ke riƙe da shi. Ga shi nan a leda, ga kwalbar mai. Maganar rowa ta makanike ce, na kawo ta ne kawai don ka ji yadda ya yi magana, ban nufi Dogo ba. Allah ya ƙara haƙuri.

Ɗanka

*

Zuwa ga ɗan ɗan'uwana,

Bayan gaisuwa. Saƙonka ya iso bayan na gaji da aikawa tasha. Na lura wasiƙar ta yi gajarta, kuma ba ta amsa tambayata ta farko ba.

Na shimfiɗa farar takarda a teburin karatuna, na ari mitar awon lantarki wurin maƙwabcina mai gyaran wuta. Na auna naɗin wayar bawul ɗin, awon ya faɗa daidai inda littafin motar ya ce ya faɗa, ke nan bai ƙone ba. Na jona shi da batir, ya yi ƙas, ɗan sandan cikinsa ya matsa. Na cire, ya koma. Na maimaita har na gamsu. Tambarin kamfani yana jikinsa, ba jabu ba ne. Man kwalbar na kai wa wani tsohon abokin aikina a ɗakin gwaji, ya ce ba shi da aibi, saboda haka na janye zargina a kan juyen da ka yi.

Wato bawul ɗin da ka aiko mini lafiyarsa ƙalau. Bawul mai lafiya kuwa ba ya kashe mota a mahaɗa.

Da na buɗe ledar, warin fetur na ji, ba na baƙin mai ba. Ramukansa fes suke, har da sawun burushi. Abin da ya yi shekaru a cikin inji ba ya fitowa haka. An wanke shi, bayan na rubuta da hannuna cewa kada a goge shi. A aikina, idan aka kawo mini abin bincike a wanke, abin da nake fara tambaya shi ne me mai wankin ya gani.

Sai dai mai wanki yakan yi sauri. Akwai 'yar rariya siririya da ta zagaye ramukan mai. Na sa ta a ƙarƙashin madubin likita, a can cikin lungun da ta haɗu da ƙarfe na ga wani zare ja, mai laushi kamar roba. Na kai wa makaniken unguwarmu tare da bawul ɗin, ban faɗa masa na wa ne ba. Ya ce jan gam ne, irin wanda ake shafawa a hana mai yoyo. Ya nuna mini zoben robar da ke wuyan bawul ɗin, ya bushe ya tsage. Ya ce wani ya ga mai na tsatsafowa, ya zare bawul ɗin, maimakon ya sa sabon zobe sai ya lafta gam ya mayar. Da aka ɗaure, rarar gam ɗin ta matse zuwa ciki, ta bushe, ta riƙa gutsurewa tana shiga ramukan har ta riƙe ɗan sandan. Ya ce aikin wanda bai iya ba ne.

Fitilar a hannunka ta kama, a hanya, inda babu mai ganinka. Bawul ɗin a hannunka aka wanke shi. Ina tambayarka kai tsaye, kuma ina so ka amsa kai tsaye. Wa ya sa gam ɗin, kuma wa ya wanke shi? Ban nuna wa Ummanku komai ba tukuna. Shirunka ba zai hana ni nuna mata ba.

Baffanka

*

Zuwa ga ɗan ɗan'uwana,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Amsarka ba ta zo ba. Direban ya rantse ya danƙa maka wasiƙar hannu da hannu. Na ɗauki shirun a matsayin amsa, har na yanke ranar da zan zaunar da Ummanku.

Kafin ranar ta zo, na buɗe kwalayen kayan marigayi da aka kawo bayan rasuwa. Ban taɓa su ba sai yanzu. Takardun motar nake nema, ko zan ga garejin da ya taɓa zuwa. Ban same su ba. A kwali na ƙarshe akwai jakar kayan aikinsa, sifana da filaya da tsumma, a ƙarƙashinsu kuma tulun jan gam, irin na man goge baki, an matse fiye da rabi.

Zan faɗa maka gaskiya, abin da ya fara zo mini shi ne kai ka sa shi a ciki, tunda kai ka haɗa kayan. Sai na tuna kwalayen sun riga maganar bawul zuwa gidan nan. Sannan na dubi murfin. Ya taɓa ƙin buɗuwa, an buɗe shi da haƙori. Marigayi yana da ɓantaren haƙori a gaba ta hagu tun faɗuwar da ya yi daga keke yana yaro, ni na kai shi wurin likitan haƙori, ya ƙi a gyara. Na auna sawun cizo a jikin mutane da yawa a rayuwata. Wannan ban buƙaci awo ba. Na auna duk da haka.

Wannan ya nuna shi ya buɗe tulun. Bai nuna shi ya shafa ba. Kai kaɗai ka rage da za ka iya cike mini wannan gurbi, kuma ina roƙonka ka cike shi. Ba na yawan amfani da wannan kalma.

Bincikena a kan motar ya ƙare, a gyara ta. A sa sabon bawul na asali da sabon zobe, ba gam ko ɗigo. A leƙa ramin da yake shiga a tsince duk abin da ya rage. A sake juyen mai da matatarsa, domin gutsattsarin na iya yawo a ciki. A goge gargaɗin da na'ura, a zagaya da ita a ga ko fitilar za ta dawo.

Baffanka

*

Zuwa ga Baffa Likita,

Ina gaishe ka, ina neman afuwa. Muna lafiya. Wasiƙarka ta zo hannuna tun tuni. Na rubuta amsa na yaga, na sake rubutawa na yaga, har maiɗakina ta ce in ba zan aika ba in daina ƙarar mata da takardun yara.

Dogo ne ya shafa. Wata Asabar da hantsi, kafin tafiyata, ya ga mai na ɗiga a ƙofar gida. Ya buɗe bonet, ni ina riƙe masa sifana. Na ce ya bari a sayo zoben, ya ce shagon kusa ba su da shi, kuma ba zai tsallaka gari saboda roba mai kama da zoben amarya ba. Ya lafta gam da yatsa, ya mayar, ya goge hannu a wandona. Yoyon ya tsaya. Ya wuni yana cewa in riƙa kiransa injiniya.

Ban haɗa wannan da mutuwar motar ba sai ranar da aka zaro bawul ɗin. Makaniken ya sa tsinke yana jawo jan abu daga ramukan kamar tsutsa, ɗan sandan a maƙale a buɗe, ya jona batir ko motsi bai yi ba. Ya tambayi wane gwani ne ya yi wannan. Na ce ban sani ba. Na karɓa, na zaga bayan garejin da gwangwanin fetur da tsohon burushi. Jinkirin da na ce na jarrabawa ne, ba na jarrabawa ba ne.

Tambayarka ta farko kuma, ba ni da amsa mai kyau. Motar ce a bakin ƙofa, makulli na aljihunsa, yana nuna mini ita da hannu don ba ya iya magana. Ban yi tunanin tasi ba. Ban yi tunanin komai ba.

An gyara ta yadda ka ce. An tsinto sauran gam a ramin. Da safe tana tashi ba ƙara, fitilar ba ta dawo ba. Na bi da ita ta mahaɗar nan, danja ta tsayar da ni, injin yana ta aikinsa shiru, sai da na baya ya yi hon na san an ba da hannu.

Roƙona ɗaya, Baffa. Kada ka faɗa wa Umma. Yanzu tana da wanda take jin haushi, haushin kuma yana tashe ta da safe. In ka cire ni daga wurin, wa zai rage mata? Ni ɗan nesa ne, zan iya ɗauka. Ba sai na zo ba.

Ɗanka

*

Zuwa ga ɗan ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da maiɗakinka, a shafa mini kan yara. Jikina da sauƙi.

Wankin da ka yi kuskure ne, ba zan kira shi da wani suna ba. Ya sa na zarge ka da abin da ba ka yi ba, kuma saura ƙiris in kai zargin gaban wadda ba za ta taɓa sauke shi ba. Na fahimci dalilinka. Fahimta dabam, amincewa dabam.

Roƙonka ban karɓa ba. Na yi ta juya shi, domin akwai hankali a cikinsa. Amma ban taɓa sa hannu a rahoton da na san ba daidai ba ne don in sauƙaƙa wa dangin mamaci, ba kuwa zan fara a cikin gidana ba, a kan bayan mutumin da ya ba ɗana ɗaki.

Jiya bayan karin kumallo na zaunar da Ummanku. Na ajiye bawul ɗin da tulun a gabanta, na yi mata bayani daga farko, yadda zan yi wa kowa. Na kuma faɗa mata abin da yake gaskiya a likitance, cewa ciwon ya zo da ƙarfi, kuma babu wanda zai iya rantsuwa cewa da motar ba ta tsaya ba da an cece shi. Ba ta dubi bawul ɗin ba. Tulun ta ɗauka, ta daɗe tana shafa murfin da babban yatsa. Ta ce, "Hannun nan nasa bai taɓa zama wuri ɗaya ba." Sai ta shiga ɗaki da shi, ban bi ta ba.

Da la'asar ta fito ta tsaya a ƙofar ɗakin karatuna. Ta ce, "A motar kayan, wa ya riƙe masa kai?" Na ce ban sani ba. Ta dube ni, ta ce duk wannan rubuce-rubuce da muka yi, ban tambaya ba? Na ce ban tambaya ba.

Kada ka rubuto amsar. Ka zo ka faɗa mata da bakinka, ina zaune ina ji. Ba ta ce ka zo ba, ba zan ƙara mata abin da ba ta faɗa ba. Ni nake cewa ka zo. Ka taho da motar, ka tuƙo ta da kanka, ka duba mai kafin ka kama hanya.

In ka iso kada ka yi hon, ta san muryar hon ɗin motar. Ka tsaya a bakin titi, ka kashe inji, ka shigo da ƙafa.

Baffanka